Yaya Za a Koyar da Kimiyya Daga Nesa Ba Tare da Ɗakin Gwaji Ba?

Darasin tarihi ko na adabi ana iya bayar da shi ta rediyo, ɗalibi ya saurara ya gane. Kimiyya kuwa sai da hannu. Wanda bai taɓa haɗa waya da batir ya ga ƙwan fitila ya kama ba, hadda kawai ya yi, ko da ya ci jarrabawa. Gani ya kori ji. Wannan ce matsalar da masu koyarwa daga nesa suka daɗe suna fama da ita, kuma bincike ya fara nuna mafita.

Jami'ar koyo daga gida ta Ingila, wadda aka kafa a 1969, ta fara da aika wa ɗalibanta akwatin kayan gwaji ta gidan waya, har da ɗan madubin duba ƙananan halittu, su yi aiki a kan teburin gidansu. A yau ɗalibinta na iya zama a ɗaki ya juya madubin hangen taurari da ke tsibirin Tenerife ta intanet. Jami'ar MIT ta Amurka ma ta ɓullo da tsarin iLab, inda ake sarrafa na'ura ta gaske daga nesa, kuma Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife na cikin waɗanda suka yi aiki da shi.

Hanya ta biyu ita ce kwaikwayon gwaji a kwamfuta. A 2002 Carl Wieman, wanda ya sami lambar Nobel a fannin fiziks, ya kafa shirin PhET a Jami'ar Colorado, kuma kyauta ne. Ɗalibi zai jawo batir da yatsa, ya jona waya, ya saka ƙwan fitila. Da zarar ya rufe da'irar, sai ya ga ƙananan ɗigo suna zagaye cikin wayar, abin da ido ba ya gani a waya ta gaske. Ya ƙara batir, haske ya ƙaru. Ya haɗa baki da baki ba tare da fitila ba, batirin ya kama da wuta a kan allo, babu wanda ya ƙone. Wani bincike da aka wallafa a 2005 ya gano cewa ɗaliban da suka koya da wannan kwaikwayo sun fi waɗanda suka yi da kayan gaske fahimtar darasin, har ma sun riga su kammalawa da aka ba kowa waya da batir na gaske ya haɗa.

Bincike ya kuma tona asirin abin da ba ya aiki. A 2014 an nazarci kallon bidiyon darasi sau miliyan 6.9 a dandalin edX, aka ga hankalin ɗalibi yana gushewa bayan minti shida. A 2019 mujallar Science ta nuna cewa kusan kashi 3 cikin ɗari ne kawai ke kammala kwasa-kwasan Harvard da MIT na intanet. Wani nazarin na 2014 da ya tattara bincike 225 a fannonin kimiyya da lissafi da injiniya ya ƙara haske: inda malami ke ta bayani ɗalibai na saurare, kusan kashi 34 ne ke faɗuwa, inda ake sa su warware matsala da kansu kuwa, kusan kashi 22. Ashe ɗaukar laccar awa guda a ɗora a intanet ba koyarwa ba ce.

Mu ma a Najeriya ba baƙi ba ne a wannan fage. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna tun 1976 take, jami'ar koyo daga gida ta NOUN kuma an farfaɗo da ita a 2002. Amma rufe makarantu saboda annobar korona a 2020 ya nuna iyakarmu: wuta babu, kuɗin data ya gagara, waya ɗaya ce a gida, ita ma tana aljihun maigida. A nan ne gwajin ƙasar Botsuwana yake da amfani. A shekarar ta 2020 an gwada gidaje 4,500, ana tura wa yara lissafi ta saƙon tes, wasu kuma ana bin su da ɗan gajeren kira kowane mako. Saƙon shi kaɗai bai yi wani tasiri ba. Da aka haɗa da muryar malami, yawan yaran da ba su iya lissafi ko kaɗan ba ya ragu da kusan kashi 31 cikin ɗari.

Duk da haka allo ba ya koya wa hannu riƙe kwalbar sinadari ko yin walda. Wajibi ne cibiyoyin karatu su tanadi ranakun da ɗalibai za su zo su taɓa kayan aiki. Kira ga jami'o'inmu da ma'aikatun ilimi shi ne su gajarta bidiyo, su zaɓi manhajar da ke aiki ba tare da data ba, su ɗauki malamin da zai kira ɗalibi ya ji inda ya tsaya, sannan su auna sakamakon a makarantunmu kafin su kashe kuɗin jama'a kan sayen na'urori.