Haɗa Hoton Cikin Ɗaki a Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Shi ya sa malamin da zai koyar da tsarin ɗakin amarya na gargajiya yake buƙatar hoto. Sai dai a garuruwa irin su Wurno da Rabah da Goronyo, da wuya a tarar da ɗaki guda da ya haɗa jeren ƙorai da taskira da faifai kamar da, domin kayan sun warwatsu a hannun tsofaffi. A nan ne haɗa hoto a kwamfuta yake da amfani.

2.0 Asali

Tun kafin zuwan kwamfuta, masu ɗaukar hoto sukan rataya labule mai zanen falo, mutum ya tsaya a gabansa. Philip Kwame Apagya na ƙasar Gana ya yi suna da irin wannan aiki. A shekarar 1990 kamfanin Adobe ya fito da manhajar Photoshop, a 1994 kuma aka ƙara mata tsarin falle-falle, wato a ɗora hoto bisa hoto, kowanne yana zaman kansa.

3.0 Matakan Aiki

Da farko ana ɗaukar hoton ɗaki ba kowa ba komai, daga daɓe har azara. Shi ne fallen ƙasa. Sannan a ɗauki kowane kaya shi kaɗai, a yanke shi daga abin da ke bayansa, a aza a fallensa. Wajibi ne abubuwa uku su dace:

(a) Haske: idan ta ƙofa yake shigowa, kowane kaya ya haskaka ta wannan ɓangare.

(b) Inuwa: randar da ba ta da inuwa a gindinta sai a ga kamar tana lilo a iska.

(c) Girma: abin da ke ƙuryar ɗaki ya ƙanƙanta fiye da na kusa, kuma a ɗauki komai daga tsayi ɗaya.

4.0 Amanar Malami

Kuskuren da ya fi muni shi ne cakuɗa zamani. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, a can kuma ya rasu a 1837. Wanda ya haɗa ɗakin wancan zamani, ya saka gadon ƙarfe mai rumfa da jeren samira, kayan da suka yaɗu bayan zuwan Turawa Sakkwato a 1903, ya koyar da ƙarya, yara kuwa za su riƙe ta domin sun gani da idonsu. Saboda haka, malami ya tuntuɓi tsofaffin mata kafin ya jera kaya, ya kuma rubuta a ƙarƙashin hoton cewa haɗi ne, ba ɗauka ba.

5.0 Auna Fahimta

1. Kawo abubuwa uku da ke tona asirin hoton haɗi.
2. Shin karin maganar "gani ya kori ji" tana nan da ƙarfinta a yau? Tattauna.