Kafin a Sa wa Yaro Rigar Kulob

A ƙarshen watan Mayu, filin wani kulob na ƙwallon yara a jihar New Jersey ta Amurka yakan cika tun da la'asar. Lokacin tantancewa ne. A liƙa wa kowane yaro lamba a riga, a kasa su rukuni-rukuni, kociyoyi na zagayawa da takarda da biro. Iyaye suna tsaye a bayan shinge, kowa idonsa na kan nasa. Bayan 'yan kwanaki saƙo zai shigo waya: an ɗauki yaro a rukunin farko, ko na biyu, ko kuma sai baɗi. Galibi kwana ɗaya ko biyu ake bai wa iyaye su amsa, su biya kuɗin kama wuri.

Ƙwallon yara a Amurka hawa-hawa ce. Akwai ta unguwa, irin wadda ƙungiyar AYSO ta soma a Kalifoniya a 1964: iyaye ne ke horarwa kyauta, kuɗin kaɗan ne, kuma ƙa'ida ce kowane yaro ya buga aƙalla rabin wasa. Sai irin wannan kulob, inda koci ke cin albashi, ake zaɓen yara, ake kuma bin garuruwa ana buga wasa. Can sama akwai manyan gasanni kamar ECNL, wadda aka kafa wa 'yan mata a 2009, da MLS Next ta samari, wadda ta fara a 2020.

Da zarar yaro ya shiga, tsarin gidansu ya canza. Atisaye sau biyu ko uku a mako bayan an tashi daga makaranta, wasa ranar Asabar ko Lahadi. 'Yan shekara 9 da 10 bakwai-bakwai suke bugawa a ƙaramin fili, 'yan 11 da 12 tara-tara, sai daga 13 ake cika goma sha ɗaya. Tun 2015 hukumar ƙwallon ƙasar ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai, don kare ƙwaƙwalwarsu. In sanyi ya sauko a koma cikin ɗakin wasa. In hutu ya zo a nufi gasa a wata jiha, inda sau da yawa masu shiryawa ne ke zaɓen otal ɗin da za a kwana. Kuɗin rajista, riguna, mai da otal sukan kai dubban daloli a shekara.

Cikin iyayen akwai Hausawan Gana, Nijar da Najeriya mazauna Bronx da Newark. Wani direba ne, wata tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Su kam lissafinsu ya wuce na kuɗi: wasan Lahadi yakan ci lokacin Islamiyya, gasa takan faɗo cikin azumi. Haɗa kai suke yi, mota ɗaya ta kwashi yara huɗu, gobe wata ta karɓa. Wahalar ba baƙo kaɗai take ci ba. Clint Dempsey, wanda ya taɓa zama kyaftin ɗin tawagar ƙwallon Amurka, tun yana yaro iyayensa tafiyar kusan awa uku suke yi da shi daga Nacogdoches zuwa Dallas domin atisaye, har ta kai ya dakata na wani lokaci saboda aljihun gidan ya gaza.

Waɗanda suka daɗe a bakin wannan fili ba sa ruɗuwa da kofunan da aka jera a ofis. Shawararsu ga sabon zuwa ita ce ya zo ranar atisaye, ya tsaya shiru ya kalla. Yaran suna taɓa ƙwallo ne ko suna tsaye a layi suna jira? In yaro ya yi kuskure, gyara ake yi masa ko tsawa? Ɗan benci yana shiga wasa kuwa? Sannan a tambayi takardar shaidar kocin, a ji ko shi zai ci gaba da riƙe yaran baɗi, a nemi jimillar kuɗin shekara a rubuce, a kuma bincika ko ana rage wa masu ƙaramin ƙarfi. Kulob na kusa da gida mai koci mai haƙuri ya fi wa ɗan shekara tara alheri a kan mai suna da ke nesa.

Abin da ya fi wuya shi ne gane ko yaron ya kai. Gudu da ƙarfi suna ruɗi, domin wanda aka haifa a farkon shekarar rukuninsu yakan girmi abokinsa da wata goma sha ɗaya, kuma a wannan shekaru tazarar babba ce. Alamun gaskiya a gida suke. Shi yake roƙon a kai shi, ko uban ne ke jan sa? Yana ɗaukar ƙwallo ya fita shi kaɗai ba tare da an ce masa ba? In an ci su, ko an bar shi a benci, yakan huce ya tashi da ɗokin atisayen gobe? Barcinsa da karatunsa za su jure? Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar kada a tsare ƙaramin yaro a wasa iri ɗaya, a bar shi ya huta kwana ɗaya ko biyu a mako.

Iyaye masu gaggawa sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, amma ɗanyen icce ma yana karyewa in aka matsa. Kaɗan ne daga cikin waɗannan yara za su samu tallafin karatun jami'a ta hanyar ƙwallo, waɗanda za su ci abinci da ita kuwa ba su kai haka ba. Yaron da aka bar shi ya ƙara shekara guda a ƙwallon unguwa bai yi asarar komai ba, ƙofar kulob tana nan. Asarar da ba a mayarwa ita ce ta yaron da aka tura tun bai shirya ba, ya kai shekara 13 ya ce ya gaji, ya daina ƙwallo gaba ɗaya.