Lamba 6 Ba Ɗaya Ba Ce: A Karanta Kwalin Harsashi

A garakan Timiya da Tabelot, da wuraren kiwo na Ingal da Aderbisinat, akwai manoma da makiyaya masu riƙe da bindigar farauta da izinin hukuma. Wadda aka fi gani ita ce kalibar 12, mai baki ɗaya ko baki biyu. In mai ita ya tashi sayen harsashi, lamba yake tambaya. Ya ce a ba shi lamba 4, ko a ba shi lamba 6. A zatonsa lamba 6 ɗaya ce ko'ina cikin duniya. Ba haka ba ne. Lambar nan kamar tiya take. Kowa ya san sunanta, amma tiyar wannan kasuwa ba lalle ta yi daidai da ta waccan ba.

Abin da ke cikin harsashi

Harsashin bindigar farauta ba irin na soja ba ne. Na soja ƙwaya ɗaya ke fita. Na farauta kuwa kwanso ne na roba ko na takarda, da gindin ƙarfe. A cikinsa akwai albarushi, sai toshi, sai ƙwayoyin darma masu yawa. In an harba, ƙwayoyin su fita tare su bazu. Lambar da mutane ke tambaya ita ce ta girman ƙwayoyin nan.

Lissafin kuma a juye yake. In lamba ta yi girma, ƙwaya ƙarama ce. In lamba ƙarama ce, ƙwaya babba ce. Lamba 7 kusan ƙwayar gero take. Lamba 1 kusan ƙwayar dawa. Maharba sun san wannan tun da daɗewa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne kowace ƙasa da nata ƙidayar.

Daga ina bambancin ya fito?

A shekarar 1782 wani mutumin birnin Biristol a Ingila, mai suna William Watts, ya sami takardar mallakar wata dabara. Ana narka darma a ƙolin dogon gini, a zuba ta cikin rariya. Tana faɗowa ɗigo-ɗigo, ta dunƙule a iska, ta faɗa cikin ruwa ta daskare. Daga nan sai a tankaɗe, manya gefe, ƙanana gefe. Dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. To amma kowane gidan ƙira da nasa rariyoyin, kowa kuma ya sa musu lambar da ya ga dama. A Faransa kaɗai an yi ƙidayar Pari daban, ta Liyon daban.

Daga baya kowace ƙasa ta tsaya kan wata hanya. Ana awon ƙwaya da milimetir, wato ƙananan zane-zanen nan da ke jikin rular ƴan makaranta. Goma daga cikinsu ne santimetir ɗaya.

A ƙidayar Pari, wadda Jamus da Rasha ma ke bi, lamba 1 milimetir 4 ce. Kowace lamba ta gaba tana raguwa da kwata. Lamba 4 ita ce 3,25, wato uku da kwata. Lamba 5 uku cif. Lamba 6 ita ce 2,75, wato uku ba kwata. Lamba 7 biyu da rabi.

Ingila ba ta bi wannan ba. Lambarta ta 6 milimetir 2,6 ce, ta 4 kuwa ba ta wuce 3,1 ba. Ke nan lamba 4 ta Ingila ta fi kusa da lamba 5 ta Faransa. Italiya tana tsakani: lamba 6 tata 2,7 ce, lamba 4 kuma 3,1. Amurka tana awo da inci, lamba 6 tata tana kai 2,8, lamba 4 kuma 3,3.

Sai masu haruffa maimakon lamba, irin waɗanda aka saba da su a Najeriya, BB da AAA. Nan ma rikicin na nan, har ya fi. BB ta Ingila milimetir 4,1 ce. BB ta Amurka 4,6. Haruffa ɗaya, amma ƙwaya biyu ta Amurka ta kusa nauyin uku ta Ingila.

Akwai wata hukuma ta ƙasashe mai suna C.I.P., wadda aka kafa a 1914. Faransa da Italiya da Ingila da Beljik duk suna ciki. Tana duba ƙarfin harsashi da tsawonsa da faɗinsa, don kada bindiga ta fashe. Amma ba ta haɗa lambar ƙwaya wuri ɗaya ba. Kowa na nan kan tasa.

Kwatan milimetir, mene ne a ciki?

Wani zai ce wannan ai ɗan abu ne, ido ma ba ya ganinsa. Gaskiya ne ido ba ya gani sosai. Amma ƙwaya dunƙulalliya ce. In faɗinta ya ƙaru kaɗan, nauyinta na ƙaruwa da yawa, yawanta cikin kwanso kuma ya ragu.

A ɗauki harsashi mai garam 32 na darma. In lamba 6 ce ta Faransa, ƙwaya wajen 260 ke ciki. In ta Ingila ce, sun haura 300. A lamba 4, ta Faransa wajen 160, ta Ingila wajen 190. A BB, ta Ingila wajen 80, ta Amurka ba ta kai 60 ba.

Ga yadda abin ke shafar mutum. Misali makiyayi ne dila ya dame shi, yana ɗauke masa ƴaƴan awaki. Ya saba da wani harsashi, ya san nisan da yake kayar da dabba. Wata rana aka kawo masa wani mai lamba iri ɗaya, daga wata ƙasa, ƙwayarsa ta fi ƙanƙanta. Ya harba daga nisan da ya saba. Ƙananan ƙwayoyi suna saurin rasa ƙarfi a iska. Dila ya ji ciwo bai faɗi ba, ya shige duwatsu. Kuɗi sun tafi, dabba tana wahala a banza, garke kuma bai huta ba. In kuwa akasin haka ne, ƙwaya ta fi girma, to yawanta ya ragu, akwai fili tsakaninsu. Kurciya na iya wucewa ta tsakiya ba abin da ya taɓa ta. In ta same ta kuma daga kusa, naman ya lalace.

Abin da ya fi wannan muni shi ne nisa. Bindigar farauta ba ta kashe dabba da kyau bayan mita 35 ko 40, amma ƙwayoyin ba nan suke tsayawa ba. Maharban Faransa suna da lissafi mai sauƙi: a ninka faɗin ƙwaya sau 80, a sami mitocin da take iya kaiwa. Mai milimetir biyu da rabi tana kai mita 200. Mai milimetir 4 tana kai mita 320. BB ta Amurka ta fi mita 360. Garakan Abzin a jere suke bakin ƙorama, wannan na manne da wancan. Bayan shinge akwai mai ban ruwa, akwai yaro mai kora raƙumi a bakin rijiya. Wanda bai san girman abin da ya ɗura ba, bai san inda zai faɗa ba.

Lamba huɗu a jikin kwali

Ga wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci, nan karatunsa zai yi masa rana. Kwalin harsashi yakan ɗauki lamba huɗu, kowace da maganarta. A ce an rubuta 12, da 70, da 32, da 6. Sha biyu faɗin bakin bindiga ne. Saba'in tsawon kwanso ne da milimetir. Talatin da biyu nauyin darma ne da garam, shi ya sa ake sa masa harafin g. Shida ita ce lambar ƙwaya.

Gidajen ƙira da yawa suna ƙara wani abu kusa da lambar, kamar 2,7 mm ko 2,75 mm. Haruffan nan biyu, mm, su ne milimetir. Wannan shi ne awo na gaskiya, ba ya canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Shi ya kamata mai saye ya riƙe a kansa. In babu shi, a nemi sunan ƙasar da aka yi harsashin.

Lambar tsawo ma a kula da ita, don ita ce ke raba mutum da yatsunsa. Akwai 65, akwai 70, akwai 76. Ana auna tsawon ne bayan kwanso ya buɗe, ba yana rufe ba. Saboda haka harsashi mai 76 yakan shiga bindiga mai 70 lafiya lau, kamar nata ne. Sai an harba ya rasa wurin buɗewa, ƙarfin ya taru a ciki. Tsofaffin bindigogin Faransa na gidan Manufrance, irin su Simplex da Robust, da aka gada wurin iyaye, waɗansunsu 65 ne. Lambar tana buge a jikin ƙarfen, galibi a ƙarƙashi, sai an kwance bindiga ake ganinta. Gajere yana shiga dogo ba laifi. Dogo kuwa kada a sa shi a gajere.

Wani sabon abu kuma: tun 2023 ƙasashen Tarayyar Turai sun hana harbi da darma a fadamu da bakin tafkuna. Don haka ana yin harsashi mai ƙwayar baƙin ƙarfe da yawa. Ana rubuta Acier ko Steel a kwalinsa. Baƙin ƙarfe bai kai darma nauyi ba, ko da lamba ɗaya ce, kuma yana iya ɓata tsohuwar bindiga.

In babu kwali fa?

Nan ne matsalar ƙauye take. Ba kowa ke sayen kwali mai 25 ba. Ana sayen biyu, ana sayen biyar. Su kwana cikin aljihu ko jakar fata, zafi da gumi su goge rubutun. Launin kwanso kuwa ba shaida ba ne. Ja na wannan gida ba ja na wancan ba ne.

Akwai dabara. A sadaukar da harsashi ɗaya daga cikin waɗanda aka saya tare. A buɗe bakinsa a hankali, nesa da wuta da taba, kada a taɓa gindinsa ko a buge shi. A zubo ƙwaya goma, a jera su cikin ninkin takarda suna taɓa juna, a aza rula. In goman sun kai milimetir 25, kowace biyu da rabi ce. In 26 ne, lamba 6 ce ta Ingila. In 27 da rabi, ta Faransa. In 30, uku cif. A rubuta abin da aka samu a ɗan littafi. Wanda aka buɗe kuma ba a sake ɗura shi a bindiga.

Ƙwayoyin da aka zubo a kawar da su daga hannun yara. Darma guba ce. A 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, ƙurar darma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Naman da aka harbo ma a tsince ƙwayoyin, a yanke inda suka bi kafin a sa a tukunya.

Doka

Sanin lamba ba izinin harbi ba ne. Dokar farauta ta Nijar, lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afirilu 1998, ta ce sai da takardar farauta, kuma akwai dabbobin da ba a taɓawa ko kaɗan. Takardar riƙe bindiga ita ma daban take. Gandun Abzin da Tenere, wanda aka kafa a 1988, mai faɗin kilometir murabba'i fiye da 77.000, ba a farauta a cikinsa. Timiya da Iferwan suna bakinsa. Jimina mai jan wuya, wadda tsofaffi suka sani a kwarurukan Abzin, ta ƙare a daji, sai ƴan kaɗan da ake kiwo cikin shinge. Wanda dila ko biri ya dame shi a garka ko a garke, ya fara zuwa wurin ma'aikatan daji na garinsu, ya tafi da takardunsa da kwalin harsashinsa.