Zaɓen Bijimin Garke Don Shanun Nama

Mai garke ya kan daɗe yana duba karsana kafin ya saya, amma in an zo ga bijimi sai ya bar wanda ya tashi cikin garken ya yi ta barbara. Wannan kuwa kuskure ne mai tsada. Saniya ba ta wuce maraƙi ɗaya a shekara, a kiwon daji ma sau da yawa sai shekara biyu. Bijimi guda kuwa ya kan hau shanu 25 ko 30, kuma rabin jinin kowane maraƙi nasa ne. Watau mugunyar saniya maraƙinta kaɗai ta ɓata, mugun bijimi kuwa garke duka.

Da fari a dubi ƙasar da za a yi kiwon. Bokoloji, shanun Sakkwato masu gajeren ƙaho, suna da cikar jiki da sanyin hali, shi ya sa masu turka su ke son su. Haka kuma Gudalin Adamawa. Bunaji, farare masu baƙin kunne, sun fi kowane iri yawa a Nijeriya, suna ba da nono da nama daidai gwargwado, ga jimiri. Rahaji, jajaye masu dogon ƙaho, gwanayen tafiya ne, amma tsawon ƙafa da ƙashi sun fi tsoka yawa a jikinsu. Inda tsando ya yi yawa kuwa, ƙananan shanu irin su Muturu da Ndama su ne ke jure sammore.

Kada girman bijimin waje ya ruɗi mutum. A shekarun 1950 an kawo bijimai Brahman daga Amurka zuwa gonar gwaji ta Wakwa, kusa da Ngaundere a Kamaru, aka haɗa su da Gudali. 'Ya'yan sun yi saurin girma, amma ƙirci ya fi kama su bisa kan shanun ƙasar.

In an tsai da iri, sai a dubi bijimin kansa. A sa a kora shi a ga tafiyarsa, gama wanda ƙafafunsa na baya su ka karkace, ko kofatonsa ya yi zaƙo-zaƙo, ba ya iya hawa sosai. A tsaya ta bayansa a dubi fāɗin ƙugu da cikar cinya, don nan ne naman da mahauci ya ke biyan kuɗi a kansa. Gadon baya ya zama miƙaƙƙe, ƙirji mai zurfi. Babban tozo da kyakkyawan ƙaho abin sha'awa ne a kara, amma ba su ne ke cika faifan mahauci ba. Sa'an nan a taɓa maraina: su zama biyu, daidai da juna, manya, ba kumburi, ba tauri kamar dutse. Mutane su kan ji nauyin wannan dubawa, alhali kuwa ita ce ta fi duka muhimmanci.

Shekaru kuma haƙora ke faɗinsu, ba dillali ba. Manyan haƙora biyu na gaba su kan fito wajen shekara biyu ko biyu da rabi, takwas ɗin su cika wajen shekara huɗu zuwa biyar. Ɗan shekara uku ya fi dacewa a saya, amma kada a ba shi fiye da shanu 15 a shekararsa ta fari.

Duk da haka ido ba ya ganin jini. Ƙibar da harawa da angurya su ka sa ba ta bin 'ya'ya. Saboda haka gara a je ruga a saya, inda za a ga uwarsa da 'yan'uwansa. Tana haihuwa a kai a kai ba wahala? Nononta na isar maraƙi? Fulani makiyaya sun san asalin kowace saniya ta wajen uwa har kakanni, wanda ya iya tambaya zai ji. Wanda ya iya rubutu kuwa ya ajiye ɗan littafi, ya riƙa sa ranar haihuwar kowane maraƙi da uwarsa da ubansa.

Bijimi kome kyaunsa kada ya wuce shekara uku a garke ɗaya, gama lokacin nan 'ya'yansa mata sun kusa isa barbara. In ya hau su, maruƙa su kan zo ƙanana, marasa ƙwari. A yi musaya da wani garke na nesa wanda ba su haɗa jini ba. Sauran mazan da ba a zaɓa ba a dandaƙe su tun suna ƙanana, in ba haka ba su ne za su riga zaɓaɓɓen.

Sabon bijimi a ware shi kamar wata guda, malamin dabbobi ya duba shi saboda ciwon huhu, ya kuma ɗebi jininsa a gwada bakkale, ciwon nan da ke sa shanu ɓari. Garken da a ka ji ana yawan ɓari a cikinsa, ko da araha kada a sayi bijimi daga can.