Fatar Jariri: Bushewa, Amosanin Ka da Kirci

Gabatarwa

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, ɗaya daga cikin abubuwan da kan tayar wa iyaye mata hankali shi ne sauyin da suke gani a fatar jariransu. Wani jaririn fatarsa ta yi fari-fari tana saɓa, wani ɓawo ya lulluɓe masa tsakar ka, wani kuma kumatunsa su yi kaushi, ya kwana yana kuka yana goga fuska a jikin zanen goyo. A gidajenmu akan haɗa waɗannan abubuwa uku a ɗauke su ciwo ɗaya, sa'annan a ɗora laifin a kan nonon uwa ko wani abinci da ta ci. Wannan fahimta takan jawo hasara, domin akwai yaran da ake yayewa kafin lokaci saboda ita, akwai kuma waɗanda ake shafa wa man da illarsa ta fi ciwon da ake son warkarwa. Manufar wannan maƙala ita ce a rarrabe wa mai karatu tsakanin matsalolin uku, a bayyana musabbabin kowace, da abin da ya kamata a yi.

Yadda fatar jariri take

Fatar ɗan Adam hawa uku ce. Akwai ta sama wadda ido ke gani, akwai ta tsakiya inda jijiyoyin jini da tushen gashi da 'yan jakunkunan zufa da na maiƙo suke, sai kuma kitsen da ke ƙarƙashi. A can saman hawa na farko akwai wata siririyar shimfiɗa ta matattun ƙwayoyin halitta, wadda masana kan kwatanta da katanga: ƙwayoyin su ne tubalan, maiƙon da ke tsakaninsu kuma shi ne ƙasar da ta riƙe su. Aikin wannan katanga biyu ne, wato ta hana ruwan jiki tsiyayewa waje, ta kuma hana ƙwayoyin cuta da ƙura da sinadarai kutsawa ciki.

A jikin jariri ginin wannan katanga bai gama ƙwari ba. Kaurinta bai kai na babban mutum ba da kimanin kashi 30 cikin 100, saboda haka ruwa ya fi saurin fita daga cikinta, abin da aka shafa kuma ya fi saurin shiga. Har ila yau, lafiyayyar fata tana da ɗan tsami-tsami, kimanin 5 zuwa 5.5 a ma'aunin da ake kira pH, kuma wannan tsami yana taimakawa wajen danne ƙwayoyin cuta. Jariri sai ya yi makonni kafin fatarsa ta kai wannan matsayi. Shi kuwa sabulun da muka saba da shi dangin kanwa ne, yakan kai 9 ko 10 a ma'aunin, don haka yana narkar da maiƙon katangar, yana kuma kashe tsamin.

Allah cikin hikimarsa yakan fito da jariri da rigarsa ta kariya, wato farin maiƙon nan da ke lulluɓe da shi lokacin haihuwa, wanda wasu ke ɗauka datti ne. Wajen kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, sauran kuma maiƙo ne da sinadaran da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankan farko har awa 24 bayan haihuwa, in hakan bai yiwu ba to aƙalla awa 6, domin kada sanyi ya kama jariri. Jinkirin yana kuma ba wannan maiƙo damar yin aikinsa.

Bushewar fata

A makonni biyu zuwa uku na farko kusan kowane jariri yakan yi saɓa, musamman a wuyan hannu da idon sawu, kuma abin ya fi yawa ga wanda ya zarce watanninsa a ciki. Wannan ba ciwo ba ne. Fatar da ta shafe watanni tara a cikin ruwa ce take sabawa da iska, kuma saɓar takan wuce da kanta.

Bushewar da ke zuwa daga baya kuwa yawanci daga muhalli take. Tsakanin Nuwamba da Maris laimar iska a ƙasar Hausa takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, sai iskar ta riƙa zuƙe ruwan fata kamar yadda take busar da wanki a kan igiya. Idan aka haɗa wannan da wanka da ruwa mai zafi safe da yamma, da soso, da sabulu mai ƙarfi, sai katangar ta tsattsage. Maganin abin shi ne a sassauta. Ruwan ya zama mai ɗumi, wanda gwiwar hannun uwa za ta ji daɗinsa, wankan kada ya wuce minti 5 zuwa 10, a bar soso, a rage sabulu. In an gama a ɗan daddanna jikin da tawul mai taushi maimakon gogewa, sa'annan a shafa mai tun fatar tana da danshi.

A nan ya kamata a fahimci cewa aikin mai shi ne tsare ruwan da ke cikin fata kada ya fita, shi ya sa shafa shi bayan wanka ya fi amfani. Basilin tsantsa marar turare yana daga cikin mafi ƙarfi a wannan aiki, ga kuma araha. Man kaɗe mai tsabta, wanda ba a gauraya shi da turare ko wani abu ba, shi ma yana rufe fata. Amma man zaitun, duk da farin jininsa, wani bincike da aka yi a Jami'ar Shefild ta Ingila a 2013 a kan fatar manya ya nuna yana raunana katangar, saboda haka likitocin fata ba su son a mai da shi man shafawar jariri.

Amosanin kan jarirai

Wannan shi ne ɓawon nan mai maiƙo, rawaya-rawaya ko fari ko ruwan ƙasa, da ke manne wa tsakar kan jariri, wani lokaci har gira da bayan kunne da matsematsin wuya. Yakan ɓullo tsakanin mako na biyu da wata na uku. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma babbar alamarsa ita ce ba ya damun mai shi: jaririn yana shan nono, yana barcinsa, ba ya susa.

Abubuwa biyu ake dangantawa da shi. Na farko, sinadaran da ake kira homon, waɗanda jariri ya samo daga jinin uwarsa tun yana ciki, suna sa jakunkunan maiƙon kansa su yi aiki fiye da kima, sai maiƙon ya manne matattun ƙwayoyin fata su kasa zubewa. Na biyu, akwai wata ƙwayar halitta dangin yis ɗin burodi, mai suna Malasiziya, wadda ke zaune a fatar kowa tana cin maiƙo. An sa mata sunan masanin Faransa Louis-Charles Malassez, wanda ya bayyana ganinta a cikin amosanin ka a 1874. Yayin da homon ɗin uwa ya ƙare a jikin yaro sai maiƙon ya ragu, shi ya sa akasari ɓawon kan ɓace tsakanin wata 6 zuwa 12.

Idan ana son a rage shi, sai a shafa basilin a bar shi ya jiƙa ɓawon na wasu awoyi ko ya kwana, sa'annan a wanke da sabulun jarirai marar ƙarfi, a bi da buroshi mai taushi a hankali. Kada a ɓamɓare da farce ko a kankare da reza, domin rauni ne ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Gashin da ya biyo ɓawon zai sake tsirowa. Wasu iyaye kan ƙi wanke wajen maɗiga don tsoro, sai ɓawon ya taru a nan. Alhali kuwa akwai tantani mai ƙwari da ke rufe da maɗiga, kuma wanki a hankali ba ya cutar da ita. In ɓawon ya yaɗu ko ya kumbura, likita kan ba da man ketokonazol ko wani mai sauƙi na 'yan kwanaki.

Kirci

Ciwon da likitoci ke kira ekzima, wanda Hausawa kan sa a cikin abin da suke kira kirci, shi ne ya fi bukatar kulawa. Asalin kalmar daga Girkanci take, ma'anarta tafasa. A wasu ƙasashe yana kama yaro 1 cikin 5, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 na masu shi tun a shekarar farko yake fara musu, galibi daga wata 2 zuwa 6. Yakan fito a kumatu da goshi da bayan hannuwa da ƙafafu, amma ba kasafai yake taɓa wurin da nafkin ke rufewa ba. In yaro ya girma sai ya koma lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa da wuya. Littattafan Turai kan ce wurin yana yin ja, amma a baƙar fata ya fi bayyana da duhu ko toka-toka, ko 'yan ƙananan ƙuraje a tushen gashi. Abin da ya raba shi da amosani shi ne ƙaiƙayi mai hana barci.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma haka abin yake a nan. Yaro mai kirci an haife shi da katanga mai rauni, sai ƙura da sabulu da zufa su kutsa, garkuwar jiki ta tashi da faɗa fiye da kima, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi. Susa ta ƙara tsaga fatar, tsagar ta ƙara ƙaiƙayin, haka abin zai yi ta zagayawa. A 2006 masana a Jami'ar Dandi ta Sikotilan, ƙarƙashin jagorancin Irwin McLean, suka gano cewa tangarɗa a ƙwayar gadon da ke sarrafa wani sinadarin katangar mai suna filagirin tana daga cikin manyan musabbaban ciwon. Kimanin Bature 1 cikin 10 na ɗauke da wannan tangarɗa, amma ba ta da yawa a tsakanin 'yan Afirka, wanda ke nuna cewa hanyoyin raunin katangar sun fi ɗaya. Ko ta yaya dai, ciwon yana bin dangi, musamman gidan da ake da asma ko yawan atishawa, kuma ba a ɗaukarsa ta cuɗanya.

Kula da shi ya ginu a kan abubuwa uku. Na farko, shafa mai a wadace aƙalla sau biyu a rana, ko da fatar ta lafa. Na biyu, kauce wa abin da ke tayar da shi: sabulu mai turare, hoda, rigar ulu a jikin fata kai tsaye, da dunƙule yaro cikin kaya har ya yi zufa. Tufafin auduga sun fi, a kuma riƙa yanke masa farce. Na uku, in ciwon ya tashi, likita kan rubuta man haidurokotizon mai kashi 1 cikin 100, wanda aka fara amfani da irinsa a fata tun 1952. Ma'auninsa shi ne abin da aka matso daga kan yatsan babba zuwa gaɓar farko ya isa wurin da ya kai faɗin tafin hannu biyu. In an bi umurnin likita ba abin tsoro ba ne. A lura kuma cewa mai magani ne ga wanda ciwon ya riga ya kama. Wani gwaji da aka yi a kan jarirai 1,394 a Birtaniya, wanda aka buga sakamakonsa a 2020, ya nuna shafa mai kullum tun daga haihuwa bai hana kirci fitowa ba.

Abubuwan kiyayewa

Babban haɗarin da ke tattare da mu shi ne man shafawa masu sitiroyid mai ƙarfi, da masu haɗin magani uku, da na bilicin, waɗanda ake saye ba da takardar likita ba. Faɗin fatar jariri in an gwada da nauyinsa ya ninka na babba fiye da sau biyu, don haka maganin yana shiga jininsa da yawa. Yana iya sirantar da fata, ya kumbura fuska, ya tauye girma. Haka kuma kada a shafa man gyaɗa a fatar da ta tsage, domin an danganta hakan da jiki ya zo ya ƙi jituwa da gyaɗa daga baya. Wannan bai nufin a hana yaro cin ta ba. Hasali ma, gwajin da aka yi a Landan a kan yara 640, aka buga a 2015, ya nuna fara ba su gyaɗa da wuri ya rage wannan matsala da kusan kashi 80 cikin 100. Saboda haka a ci gaba da nono zalla har wata 6, kada kuma a haramta wa uwa ko ɗa wani abinci sai da shawarar likita. Daga ƙarshe, tufafin da suka sha basilin suna saurin kama wuta, sai a nisanta yaro daga kaskon garwashi.

Akwai kuma cututtukan da ke kama da kirci. In mutanen gida da yawa suna susa da dare, ga ƙuraje a tafin hannu da tafin ƙafar jariri, to a yi zaton ƙazuwa, wadda sai an yi wa kowa magani tare. A garzaya asibiti idan wurin ya fara ruwa ko mugunya ko ɓawo mai kalar zuma, ko ƙuraje masu ruwa suka feso farat ɗaya, ko yaro ya ƙi nono, ko zafin jikin wanda bai kai wata 3 ba ya kai digiri 38.

Kammalawa

A taƙaice, tambayar farko da uwa za ta yi wa kanta ita ce: shin abin yana damun yaron? Saɓar makonnin farko da amosanin ka ba su da ƙaiƙayi, kuma sukan wuce da haƙuri da ɗan mai. Kirci kuwa yana tashi yana kwantawa, yana bukatar naci da ganin likita, amma akasarin yara sukan sami sauƙinsa sosai ko su rabu da shi yayin da suke girma.