Abin Yi Idan Faifan Linux Ya Maƙale Wajen Tayar da Kwamfuta

Faifan Ubuntu yana tayar da kwamfutar tafi-da-gidanka ba sai an girka shi ba, shi ya sa ake ceto takardun ofis da shi idan Windows ya ƙi tashi. Idan ya maƙale, muna jan hankalin ma'aikata da jama'a kada su yi gaggawar goge kwamfutar.

Da farko a duba ko faifan ya karce, a kwafi sabo. Idan kuwa allo ya yi baƙi, galibi manhajar nuna hoto ce ta gaza. A sake kunnawa, a danna "e" a jerin zaɓin farko, a rubuta nomodeset bayan "quiet splash", sannan a danna F10. Idan bai tashi ba, a gwada acpi=off.