Zare da Igiya: Rikicin Tufafi Tsakanin Amurka da Japan, 1969-1972

Gabatarwa

Hausawa kan ce ciniki ba ya hana zumunci, amma tarihin Amurka da Japan ya nuna cewa ciniki na iya girgiza zumunci har ya kusa tsinkewa. Wannan maƙala za ta dubi rikicin da ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a kan tufafi, da yadda ya sarƙe da maganar mayar wa Japan tsibiran Okinawa. Kafin a kai ga haka, wajibi ne a waiwayi tushen dangantakar.

Tushen Dangantaka

Ranar 2 ga Satumba, 1945, wakilan Japan suka sa hannu a takardar saranda, ƙasar ta koma ƙarƙashin mamayar da Janar Douglas MacArthur ya jagoranta. A 1947 sabon tsarin mulki ya fara aiki, wanda sashensa na 9 ya haramta wa Japan yin yaƙi don warware saɓani. A 1949 aka tsayar da canjin kuɗi a kan yen 360 a kowace dala. Da yaƙin Koriya ya tashi a 1950, sai sojan Amurka suka riƙa sayen kaya masu ɗimbin yawa daga masana'antun Japan, wannan kuwa shi ya farfaɗo da su.

A ranar 8 ga Satumba, 1951, aka ƙulla yarjejeniyar sulhu a San Faransisko, aka kuma sa hannu a ta tsaro. Manufar Firayim Minista Yoshida Shigeru ita ce Amurka ta ɗauki nauyin tsaro, Japan ta duƙufa kan neman arziki. Sai dai sulhun ya bar baya da ƙura, domin Okinawa ta ci gaba da zama a hannun Amurka bayan sauran ƙasar ta sami 'yanci a 1952.

Asalin Rikicin

Saƙa na cikin sana'o'in da suka fara tashi bayan yaƙi, kuma da audugar Amurka aka tayar da ita. Ba a jima ba riguna masu araha suka cika kasuwannin Amurka, masaƙun can suka fara kuka. A 1957 Japan ta yarda ta taƙaita tufafin auduga da take aikawa, wai don raɗin kanta. Da aka toshe wannan ƙofa, sai 'yan kasuwa suka karkata ga ulu da zaren roba. Daga 1965 kuwa, abin da Japan ke sayar wa Amurka ya zarce abin da take saye daga gare ta.

Lokacin yaƙin neman zaɓe na 1968, Richard Nixon ya yi wa masu masaƙun kudancin Amurka alkawarin zai kare su. Shi kuma Firayim Minista Sato Eisaku ya riga ya ɗaura ɗamarar karɓo Okinawa, har ya jingina mutuncinsa na siyasa a kan haka. Kowanne dai abin da yake nema yana hannun ɗan'uwansa.

Ganawar 1969

A watan Nuwamba 1969 shugabannin biyu suka gana a Washinton, aka bayyana cewa za a mayar da Okinawa a 1972. A bayan fage kuwa, wani malamin jami'a, Wakaizumi Kei, shi ne manzon sirri na Sato wurin Henry Kissinger, kamar yadda ya fallasa da kansa a littafinsa na 1994. Nixon ya tashi daga zaman yana mai imanin cewa an yi masa alkawarin taƙaita tufafi. Sato kuma bai iya fitowa fili ya faɗa wa mutanensa an yi wani alkawari ba, domin jaridu sun riga sun fara zargin an sayar da zare an sayi igiya. Wannan habaici ne mai armashi ga ɗalibin harshe, saboda gaɓar ƙarshe ta sunan Okinawa, wato nawa, ma'anarta igiya a harshen Japananci.

Masu masaƙun Japan suka ƙi amincewa, majalisar ƙasar ma ta goya musu baya. Aka yi ta zama ana watsewa har kusan shekara biyu, Nixon na ganin an saɓa masa alkawari.

Girgizar 1971

Ranar 15 ga Yuli, 1971, Nixon ya sanar da cewa zai ziyarci ƙasar Sin, ba a gaya wa Sato ba sai 'yan mintoci kafin sanarwar. Ranar 15 ga Agusta kuma ya dakatar da musayar dala da zinariya, ya ɗora ƙarin harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su. Waɗannan matakai suna da dalilansu da suka wuce batun tufafi, amma Japanawa da yawa sun ɗauki yadda aka yi musu ba-zata a matsayin ramuwa. Daɗin daɗawa, Amurka ta yi barazanar amfani da wata doka ta 1917 wadda aka tanada domin ciniki da abokan gaba.

Nan fa Japan ta sakko. Ministan ciniki da masana'antu, Tanaka Kakuei, ya karɓi sharuɗɗan a watan Oktoba 1971, gwamnati ta biya masu masaƙu diyya, ta saye injunan da suka yi rara. A Disamba aka ɗaga darajar yen zuwa 308 a kowace dala. Ranar 15 ga Mayu, 1972, Okinawa ta koma hannun Japan, ko da yake sansanonin sojan Amurka suna nan ba su tashi ba.

Kammalawa

Abin mamaki shi ne, sana'ar da aka yi wannan tata-ɓurza a kanta ta riga ta fara ja da baya a Japan, domin Koriya ta Kudu da Taiwan da Hon Kon sun fi ta arahar ƙwadago. Amma salon da aka bi ya zama abin koyi. A 1981 Japan ta sake taƙaita motocinta zuwa miliyan 1.68 a shekara, kamfanin Honda kuma ya fara ƙera motoci a jihar Ohayo a 1982. A 1985 yarjejeniyar Plaza ta sa yen ta tashi daga kimanin 240 zuwa kimanin 150 cikin shekara guda. A kowane karo, ƙasar da ta ba da amanar tsaronta ga wata ita ce ke fara sassautowa a teburin ciniki. Wanda ya kwana a ɗakin wani, in ji masu iya magana, ba ya miƙe ƙafa yadda yake so.